TURANCIN DA KE CIN TALAKA

Jama'a 'yan kasuwa, kun san in mai saye ya taya, mai kaya ya ce "Albarka", ba addu'a ya yi masa ba, ƙin sallamawa ya yi. Baƙon da ya koyi Hausa a littafi sai ya yi murna ya kai hannu zai ɗauki kaya. To, Turanci ma yana da irin tasa albarkar, kuma a wurinsa mu talakawa mu ne baƙin.

Mun sami mulkin kai tun 1960, amma Bature ya bar mana harshensa a kotu da banki da ofis. Tsarin mulki na 1999 ma cewa ya yi Majalisar Tarayya ta yi aikinta da Turanci, Hausa da Ibo da Yarbanci kuwa sai an yi musu shiri. Ashe ke nan mai jin Turanci sama-sama kullum shi ne a ƙasa.

Ku duba. In akawun banki ya ce "you are in the red", ba jar riga ya gani a jikinka ba, bashi ake bin ka. In takardar injin niƙa ta ce "sold as is", ko gobe ya mutu ba a mayarwa. Abin da suke kira "small print", ƙananan rubutun nan ne na gindin takarda inda ake ɓoye sharaɗi mai ɗaci. In kuwa ka kai kuka ofis aka ce "we will look into it", ko "in due course", sau da yawa sai baba ta gani. Mai hankali tambaya yake yi: wace rana?

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin kasuwa, daga Kurmi har Kantin Kwari da Sabon Gari, su samo malami da maraice ya riƙa koya wa jama'a irin waɗannan maganganu, ko da biyar ne a mako. 'Ya'yanmu 'yan makaranta ma su taimaka. Kada kowa ya sake dangwala yatsa a takarda sai an fassara masa ita da Hausa, ma'ana da ma'ana.

Ba mu ce a raina Hausa ba, harshen iyayenmu ne. Amma rashin sani ya fi dare duhu, kuma a cikin duhu ake yanke wa mutum aljihu.

Allah ya kiyashe mu, amin.