Iyo ba wasan Turawa ba ne

Da an ɗauko maganar iyo sai wani ya ce wasan Turawa ne, mu kokowa muka gada. To wa ya hana a haɗa biyu?

A 2019 aka kafa gasar ISL, inda ƙungiyoyi irin su Energy Standard da Cali Condors suka riƙa biyan 'yan iyo albashi, maza da mata. Ba wannan nake nema wa Dogon Dutsi ba, ai ita kanta gasar ta tsaya tun 2022.

Tawa buƙatar ƙarama ce. Damina na sauka tabkunan Dallol Mawri su cika, daga Dutsi har Tibiri, ramukan tubali su koma tarko, kuma daidai lokacin yaran lakwal ke hutu. Wallahi ko an yi musu bulala sai sun shiga, bulalar kuwa ba ta koya wa yaro fitowa.

Magadan gari, cikin kuɗin da ake zubawa a filin kokowa ku ware kaɗan, a ɗauko masunta daga Gaya su koya wa yaranmu iyo kafin ruwa ya cika.