Carbi da ƙarar babur

Akwai wata goggona da ta baro ƙauyensu a yammacin Batsari shekara biyar ke nan, tana zaune a Katsina wurin ɗanta. Har yau in babur ya wuce ƙofar gida da dare sai ta zabura, ta lalubi mayafi, ta hau kiran jikoki. Gidan a tsakiyar gari yake, kuma ta san babu abin da zai same ta. Jikinta ne bai yarda ba. Na tambaye ta yaushe take samun sauƙi, ta ce: "Ɗana, in na idar da Asuba na zauna da carbina har rana ta fito, a nan ne kawai ƙirjina ke sauka."

Wannan zama da goggo take yi, Turawa sun shafe shekara arba'in da 'yan kai suna neman irinsa ruwa a jallo. Su a wurin mabiya Buddha suka aro, addinin da ya taso a arewacin Indiya kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Mutum ya zauna shiru, ya bi numfashinsa, in tunani ya sace shi ya dawo da hankalinsa. A 1979 wani masanin kimiyya, Jon Kabat-Zinn, ya buɗe sashen rage damuwa a asibitin Jami'ar Massachusetts a Amurka. Ya tsame sunan Buddha da aƙidarsa, ya bar zaman da numfashin, ya mai da shi horon mako takwas ga masu ciwon da ya ƙi jin magani. A 1997 Stephen Batchelor, Baturen Birtaniya da ya taɓa zama cikin masu zuhudun addinin, ya fitar da littafi yana cewa ana iya riƙe aikin ba tare da an yi imani da sake haihuwa bayan mutuwa ba. Zuwa 2004 hukumar da ke tantance hanyoyin magani a Ingila ta amince da wani nau'in horon ga waɗanda ciwon damuwa ke yawan dawo musu. Yau kuwa ya zama haja: manhajar Headspace da Calm suna sayar da natsuwa a waya, ana biya wata-wata.

Abu guda na yaba musu: sun kai shi asibiti, sun gwada, sun rubuta inda ya yi amfani da inda bai yi ba. Amma akwai abin da ya lalace a hanya. Wani malamin jami'a a Amurka, Ronald Purser, ya yi littafi a 2019 yana sukar yadda kamfanoni ke koya wa ma'aikaci ya ja numfashi ya kwantar da rai, maimakon su rage masa aiki ko su ƙara albashi. Da na ji wannan sai na tuna gida. Sau nawa aka je jaje Batsari ko Safana, aka ce wa mutane su yi haƙuri su koma ga Allah, aka shiga mota aka dawo? Haƙuri gaskiya ne, amma a bakin wanda hakkin tsaro ke wuyansa, wani lokaci hanyar tserewa ce.

Ku dubi abin da mutanen bakin Dajin Rugu suka gani. A Fabrairun 2020 'yan bindiga suka shiga Tsauwa da Dankar, suka kashe kusan mutum talatin cikin dare ɗaya. A Satumban 2021 aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Batsari da Safana, uwa ba ta iya jin muryar ɗanta. An sayar da gona da shanun huɗa don biyan fansa. A 2025 aka yi sulhu da 'yan bindigar, wasu suka koma gona, hanyar Runka da ta Ruma suka ɗan samu mutane. To amma wanda ya yi wata biyu ɗaure a daji, ko yaron da aka harbe ubansa a gabansa, sulhu bai shiga barcinsa ba. Mu kan ce "tsoro ya kama shi", ko "an taɓa shi", ko "iska ce". Wasu samarin kuwa da ƙwaya suke neman barcin.

Abin da ke ci mini rai shi ne ba mu da buƙatar aron zaman kowa. Ɗan Tijjaniyya yana da lazimi safe da yamma: istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, ga wazifa a cikin jama'a da zikirin yammacin Juma'a. Kadirawa, ɗarikar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, suna da nasu wuridin da halwa. Wanda ba ya ɗarika yana da azkar na safe da maraice, da i'itikafin goman ƙarshe na azumi. Duk akwai zama wuri guda, da maimaici, da dawo da zuciya in ta yi yawo. Kuma namu bai rasa wanda ake kira ba, bai kuma bar mutum shi kaɗai da waya a kunne ba. Ba na so ranar ta zo da za a fige zikiri daga ma'anarsa a mai da shi dabarar saukar da hawan jini. Ibada ce, natsuwar kyauta ce da ke biyo ta. Sai dai mun fi rabin ƙarni muna gardamar wane zikiri ne bidi'a, ba mu tsaya mun tambayi halin da mai jan carbin yake ciki ba.

Ga abin da nake nema. A ƙauyukan nan liman ne mutum na farko da ake kai wa kuka, malamar Islamiyya ce ke jin abin da matar da aka sako ba za ta iya gaya wa mijinta ba. Gwamnatin jiha ta tara su, na ɗarika da na Izala, likitocin ƙwaƙwalwa su koya musu alamomi: mai firgita cikin barci, mai ƙin magana, mai cewa gara ya mutu. Su san wanda zama da addu'a da jama'a za su riƙe shi, su kuma san wanda dole a sa a mota a kai shi asibiti a Katsina, ba a yi ta tofi ana jira ba. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, a irin waɗannan garuruwa ya kamata a fara ganin aikinta.

Goggo dai mun kai ta wurin likita bayan sallar layya. Ta yi ta ƙi, tana cewa ita ba mahaukaciya ba ce. Likitan ya ba ta magani, ya tambaye ta abin da take yi bayan Asuba, ta gaya masa. Ya ce, "Mama, kada ki bari." Yanzu tana samun barcin awa huɗu ko biyar, in unguwar ta yi shiru.