Ƙibar yaro ta farat ɗaya: a kai shi awo kafin a zargi uwa

Kwanakin baya wata baiwar Allah mai saida kayan miya ta kira ni a cikin shirin da nake gabatarwa a rediyo. Ta ce ɗanta mai shekara 4 ya yi ƙiba cikin ƴan watanni har rigunansa sun daina shiga, ba ya ƙoshi, kuma da dare yana minshari kamar babban mutum. Da fari kowa barka yake yi mata. Da abin ya wuce misali, sai uwar mijinta ta ce a danginsu ba a taɓa ganin haka ba, daga wajen uwa aka gado shi. Tana magana tana kuka, domin har zancen yaji ya taso.

Na ce mata ta kai shi likita da safe, tun da gano ciwon yaro aikin lokotoro ne. Amma maganar gadon ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauko ta yau.

Mu mutanen Kurfai mun san gado. Ga tashar kiwo ta Tukunus a arewacin Filinge, inda aka daɗe ana zaɓen shanun Azawak, kuma kowane dillali ya san saniya mai nono ɗiyarta ma takan yi nono. Saboda haka da mun ga wani abu a jikin yaro sai mu fara lissafin kakanni. Mun kuma san yunwa, wanda ya ga 2005 a ƙasar nan ba ya ganin yaro mai kumatu ya ce ciwo ne. Waɗannan abubuwa biyu su ne suke rufe mana ido.

Akwai wata cuta da lokotoroci suke kira ROHHAD. Yaro yana cikin ƙoshin lafiya, galibi tsakanin shekara 2 da 7, sai ya ƙara kilo 9 zuwa 14 cikin wata 6 zuwa 12. Matsalar tana wani ɗan gurbi ne a ƙasan ƙwaƙwalwa, wanda shi ke lura da yunwa da ƙishirwa da zafin jiki da girma. Bayan ƙibar sai numfashi ya raunana, musamman cikin barci. Mai lafiya in iska ta yi mishi ƙaranci jikinsa yana tada shi ya ja numfashi. Wannan yaron jikinsa ba ya ba shi labari, kuma ta nan ne ake rasa su. Wasu kuma, kusan 4 cikin 10, ana samun wani ƙari na jijiya a ƙirjinsu ko cikinsu.

An fara bayyana cutar a 1965, an raɗa mata wannan suna a 2007 a birnin Shikago na Amurka, a ƙarƙashin wata lokotoro mai suna Debra Weese-Mayer. Waɗanda aka rubuta labarinsu a duniya baki ɗaya ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba. Ke nan kada kowace mai yaro ƙaƙƙarfa ta tada hankalinta.

Masana su ma gado suka fara zargi, kuma suna da dalili. A 2003, a asibitin yara na Necker da ke birnin Paris, an gano cewa wata cutar numfashi mai kama da wannan, wadda ake haihuwar jariri da ita, tana zuwa ne daga gurɓacewar ƙwayar gado guda mai suna PHOX2B. Aka duba wannan ƙwaya a jikin yara masu ROHHAD, aka tarar lafiyarta lau. A 2011 aka ba da labarin wasu tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda ƙwayoyin gadonsu iri guda ne, ɗaya ta kamu, ɗaya ba ta kamu ba. A 2015 masu bincike na jami'ar Calgary a Kanada da abokan aikinsu suka tantance ƙwayoyin gadon yara 35 masu cutar, ba su samu wata guda da za a ɗora wa laifi ba. Sai a 2022 wasu masana a Amurka suka samu wata alama a jikin yara 7 cikin 9 masu cutar da ƙarin, alamar da ke nuna garkuwar jikin yaron ce take juyowa ta yaƙi ƙwaƙwalwarsa. Bincike bai ƙare ba, amma ya karkata zuwa can.

To, ƴan uwa, ku duba. Mutanen da suke da na'urori na miliyoyin kuɗi sun yi shekaru suna tonon jinin yara da na iyayensu ba su ce gado ba ne. Mu kuma muna zaune a gindin bedi, ba awo ba gwaji, mun yanke hukunci cewa dangin amarya ne. Ko cutar da aka tabbatar ta gado ce, kamar sikila da muke kira emasi, sai uwa da uba sun haɗu kowa ya ba da nashi kaso kafin yaro ya kamu. In za a yi adalci, rabin tambayar gidan miji za ta koma.

Wani zai ce mini, malam, muna fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da kyanda, ina ruwanmu da cutar da ba ta kama mutum ɗari biyar ba? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma ban ce a ɗauke kuɗin maganin zazzaɓi a sayi na'urar binciken gado ba. Amma abin da wannan bincike ya koya mana bai buƙatar ko dala. Ya nuna cewa abin da ke raya waɗannan yara shi ne a gane da wuri a kula da numfashinsu, domin har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da cutar ba, na'urar taimakon numfashi ce take riƙe su cikin barci. Ganewa da wuri kuwa daga idon uwa take farawa.

Sannan ƙibar farat ɗaya tana da wasu dalilai da suka fi kusa da mu, har a kan teburanmu na kasuwa. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake saidawa, irin su dexamethasone, suna kumbura fuska da ciki, suna raunana garkuwar jiki. Ciwon ƙoda yana kumbura yaro. Tamowa ma akwai mai kumbura ƙafafu da fuska, uwa ta ɗauka ƙiba ce alhali ruwa ne. A cikinsu babu wanda rubutu ko turare ko sakin aure zai warkar.

Ke uwa, ko kina tsakiyar ciniki, ga abin lura. In zanen goyo ko wandon da kika ɗinka da Sallah ya matse kafin wata Sallar, in yaro yana minshari yana ɗauke numfashi cikin barci, in leɓɓansa suna yin baƙi-baƙi, in yana gyangyaɗi da rana tsaka, in yana shan ruwa fiye da kima ko ba ya jin ƙishirwa sam, in jikinsa yana sanyi ko zafi ba dalili, ki ɗauki takardar awonsa ki tafi CSI. Kada ki ba shi maganin sa barci ko na tari mai sa maye, domin yaron da numfashinsa ya raunana irin wannan magani yana iya tsayar da shi gaba ɗaya. In an ce a wuce asibitin Filinge ko Yamai, a wuce. Tafiyar kilomita wajen 180 tana da tsada, amma ga masu adashi, a ba uwar mara lafiya ɗauka ta gaba.

Ku kuma masu saida magani a tebur, ku ji tsoron Allah, ku daina miƙa wa mata ƙwayar ƙiba don yaro.

Ga hukuma, roƙona kaɗan ne. A 2006 aka ɗauki matakin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma mata da yawa suna daina zuwa awo da zarar an gama allurar rigakafi. A ci gaba da auna yara har su shiga lakwal, a tabbatar kowace CSI ta Kurfai tana da sikeli mai aiki da ƴar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini. Mu ƴan kasuwa ba mu yarda a saida mana buhun hatsi da ido, sai an sa tiya. Bai kamata lafiyar ɗiyanmu ta fi hatsi arha ba.

Ga surukai kuma, ku bar yarinya ta ji da ɗanta. Ranar da take buƙatar wanda zai riƙe mata rumfa ta tafi likita, ba ranar tonon asali ba ce.

Allah shi ba marasa lafiya sauƙi, shi raya mana zuri'a. Amin.