Bindiga Ba Ta Tsayar Da Mota

Ranar 14 ga Yuli 2016 wani direba ya kutsa da babbar mota cikin taron biki a birnin Nis na Faransa, ya hallaka mutum 86. Wasu na ganin maganin irin wannan ta'asa shi ne fararen hula su riƙa yawo da bindiga. Jama'a, a yi hattara. Kafin mai bindiga ya auna, mota ta tattake mutane, harsashin da ya kuskure kuwa cikin taro zai faɗa. A New Orleans ta Amurka doka ta yarda da riƙe bindiga, amma ranar 1 ga Janairu 2025 mota ta kutsa, aka kashe mutum 14, lokacin da ake sauya turakun ƙarfen da ke tare titin. Wajibin hukuma ne ta kafa shinge. Rigakafi ya fi magani.