Wayar haƙori ba atamfa ba ce da za a zaɓa a kan tebur

A makon jiya wani ɗan kasuwa da ke ɗaukar kaya daga Adjamé zuwa Maraɗi ya bugo mana waya a shirinmu na safe, ya ce 'yarsa mai shekara 14 haƙoranta na sama sun turo waje, har yara suna yi mata dariya a makaranta. Ya kai ta wurin likitan haƙori, likita ya lissafa masa wayar gyaran haƙori iri-iri, kowace da kuɗinta, ya fito kansa a ɗaure. A hanyar komawa gida kuma sai ga wata mai gyaran farce ta ce za ta liƙa wa yarinyar waya a kan jaka biyar, yanzu-yanzu, da kalar da take so. Ya tambaye mu, "Malam, wacce zan ɗauka?" Lokacin shirin bai ishe mu ba shi amsa ba, don haka muka kawo maganar wannan fili, domin mun san ba shi kaɗai ba ne.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, wayar da ta dace da mutum ita ce wadda ta dace da matsalar bakinsa, kuma zai iya jure ɗawainiyarta har ƙarshe. Na farko likita ne zai faɗa, na biyu kuma mai bakin da iyayensa ne suka sani. Kyau da araha suna zuwa ne daga baya.

Da farko ya kamata mu san abin da wayar nan, wadda masu Faransanci ke kira aparai, take yi. Haƙori yana zaune ne a cikin ƙashin muƙamuƙi. Idan aka matsa shi a hankali, ƙashin da ke gabansa yana narkewa, wani sabo yana tsirowa a bayansa, ta haka yake tafiya, kimanin milimita ɗaya a wata. Wannan ne ya sa aikin kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci ma ya wuce. Idan kuwa matsin ya yi yawa, ko ya bi ta inda bai dace ba, saiwar haƙorin tana iya gajercewa, dasashi ya janye, haƙori ya fara girgiɗi. Saboda haka likitan gaskiya ba ya liƙa komai sai ya ɗauki hoton ƙashin baki, wanda a nan ake ce wa radiyo, ya auna yadda haƙoran sama da na ƙasa suke haɗuwa, ya cike masu rami, ya tabbatar dasashi lafiya yake. Tun a 1899 wani likita Ba'amurke, Edward Angle, ya kasa matsalolin haɗuwar haƙora gida uku, kuma har yau likitoci suna amfani da wannan rabo nasa wajen sanin irin aikin da baki yake buƙata.

Wadda aka fi sani ita ce ta ƙarfe, wato 'yan ƙananan ƙarafa da ake mannawa a jikin kowane haƙori a zura musu waya. Ita ce ta fi ƙarko, galibi ita ce ta fi sauƙin kuɗi, kuma tana iya gyara cunkoson haƙora mai tsanani. Aibinta dai ana ganinta. Akwai ta tangaran mai launin haƙori, wadda aikinta ɗaya ne da ta ƙarfe, sai dai ta fi tsada, ta fi saurin fashewa, kuma 'yan robobin da ke riƙe wayar suna rina. Duk wanda bakinsa ba ya rabuwa da goro, ko shayi, ko miyar manja, to ya sani ya biya kuɗin fari ne zai yi yawo da ja. Akwai wadda ake liƙawa ta bayan haƙora, ba mai ganinta, amma tana goge harshe, tana sauya magana a makonnin farko, ga tsada, kuma ba kowane likita ne ya iya ta ba.

Sai kuma ta roba mai garai-garai da ake kifawa a kan haƙora, wadda aka fara sayarwa da sunan Invisalign a Amurka a 1999. Ita ce samari da 'yan mata suke gani a TikTok suna sha'awa. Ana cire ta a ci abinci, ana sauya sabuwa duk mako ɗaya ko biyu, amma sharaɗinta shi ne ta zauna a baki sa'a 20 zuwa 22 kowace rana. Yanzu fisabilillahi, mutumin da ke wuni a shago, wannan ya miƙo goro, wancan ya kawo shayi, sau nawa zai cire ya wanke baki ya mayar? Yaron da ke mantuwa da takalminsa a makarantar allo, shi ne zai riƙe ta? Robar da ke kwance a aljihu ba ta gyara komai, kuɗi ne kawai suka tafi. Ga ƙananan yara da ƙashinsu bai gama girma ba, akwai wata mai cirewa da ake gyara tafiyar muƙamuƙi da ita, shi ya sa ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka take ba da shawarar a duba yaro tun yana shekara 7, ko da ba za a sa masa komai ba a lokacin.

Abin da ya fi shafarmu mu 'yan kan hanya shi ne zirga-zirga. Mai wayar ƙarfe ko ta tangaran sai ya koma wurin likita duk mako huɗu zuwa takwas a ɗaure masa. Wanda ke fita ta Noé zuwa Gana, ko ya bi ta Ouangolodougou ya nufi Burkina da Nijar ya yi wata uku bai dawo ba, lallai ne ya gaya wa likita wannan tun ranar farko. Kazalika, idan ana shirin mayar da yarinya gida Katsina ko Ƙonni don karatu ko aure a tsakiyar aikin, gara a fara shi a can inda za ta zauna, domin sabon likita ba dole ne ya karɓi aikin wani a farashin da aka yi da farko ba. Haka kuma a sani, mai waya zai yi sallama da rake, aya, kilishi mai tauri, ƙanzo da tauna ƙashi, kuma asuwaki kaɗai ba zai fitar da abincin da ke maƙalewa a tsakanin ƙarafan ba, sai an haɗa da buroshi.

Mun san abin da wasu za su ce: ku 'yan jarida magana ce mai sauƙi a bakinku, aikin likita dubban ɗaruruwan sefa ne, talaka fa? Gaskiya ne, da tsada, kuma ba za mu ɓoye ba. To amma karkataccen haƙori yana iya jiran shekara ɗaya ko biyu a tara kuɗi, tunda babba ma ana gyara masa. Haƙorin da wayar kasuwa ta girgiɗe kuwa ba ya sake tsirowa. Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Waccan ta jaka biyar ba a yi ta don gyara ba, ado ce, ana manna ta da gam ɗin da ba a san asalinsa ba, da kayan aikin da aka taɓa bakin wani da su, ga haɗarin ciwon hanta da sauran cututtukan da ke bin jini. Irin wannan yayi ya taɓa mamaye ƙasar Tailan, har a 2006 hukumominta suka haramta sayar da wayar ado tare da hukuncin ɗauri, bayan an samu dalma a jikin wasu.

A nan ne muke so mu yi magana da 'yan uwanmu masu shigo da kaya daga Sin da Dubai. Kwalin wayar ado ba shi da nauyi, ribarsa kuma tana da daɗi, amma 'ya'yanmu ne za su sa ta a baki. Kowa a Abijan ya san sunan da Roxy ta yi a Adjamé kan magungunan kan titi, kuma mun ga samamen da hukuma ta kai a 2017 aka kwashe kaya tan-tan. Kada mu bari a ƙara jingina wa 'yan kasuwarmu wani sabon suna. Wanda ba zai liƙa wa 'yarsa ba, kada ya sayar wa 'yar wani.

Ga wanda ya shirya, hanya a buɗe take. Jami'ar Félix Houphouët-Boigny da ke Cocody tana da tsangayar koyar da likitocin haƙori, da sashen gyaran jerin haƙora, da cibiyar duba marasa lafiya. Mazauna Treichville kuma suna iya fara tambaya a babban asibitin koyarwa na unguwar. In asibitin kuɗi za a je, a tabbatar sunan likitan yana cikin rajistar hukumar likitocin haƙori ta Kwaddibuwa. A tambaye shi dalla-dalla: mene ne ainihin matsalar, wata nawa aikin zai ɗauka, za a cire haƙori ko ba za a cire ba, nawa ne jimillar kuɗin, ana biya kaɗan-kaɗan, kuma kuɗin sun haɗa da abin riƙe haƙoran da ake sawa bayan an cire waya? Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin in babu shi haƙora suna komawa inda suka fito. A karɓi amsar a rubuce, kamar yadda muke karɓar takardar kaya a tasha.

Sannan ba kowane baki ne yake buƙatar waya ba. Wushiryar da wasu ke neman toshewa yau saboda hotunan waya, ita ce iyayenmu suke yabo a fuskar mace. In ba ta hana tauna ko magana ba, a bar wa mai ita adonta.

Shi kuwa mai tambayarmu, mun ba shi shawarar ya koma wurin likitan tare da uwar yarinyar, tunda ita ce za ta riƙa kai ta duk wata idan ya yi tafiya, su gaya masa gaskiyar aljihunsu da yanayin gidansu. In likita ya ce ta ƙarfe ce ta dace, a sa mata ta ƙarfe ba tare da jin kunya ba. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa albarka a kasuwa.