Ƙungiyar Kiɗan da Ba Ta da Daudu

Ranar biki ba ta ɗaguwa don makaɗi ya kwanta ciwo. Duk ƙungiyar kiɗan da ke yawon bukukuwa a masarautar Gumel, daga cikin gari zuwa Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ta san wannan tashin hankali: an karɓi kafin alƙalami, an sa rana, sai da hantsi a aiko cewa zazzaɓi ya kayar da mai kalangu, ko an yi masa rasuwa, ko ruwan shuka ya sauka ya nufi gona. Maganin da ya zama ruwan dare a yau shi ne a jona filashi a na'ura, a saki kiɗan da aka naɗa a situdiyo, mawaƙi ya riƙe makirfo yana bi. Masu yin haka suna kiransa ci gaba. Ragwanci ne aka naɗa wa rawani.

Kiɗan Hausa zance ne tsakanin masu rai. Idan babban mutum ya shigo fili, sanƙira ne ke sanar da mawaƙi asalinsa da sarautar gidansu, mawaƙi ya juya waƙa nan take, 'yan amshi su karɓa, makaɗi ya matse tsarkiyar kalangu ya fitar da taken mutumin. Duk wannan yana faruwa cikin ƙiftawar ido. Na'ura ba ta ganin wanda ya shigo, ba ta jira, ba ta sauya salo. Wanda ya biya kuɗin ƙungiya aka kunna masa faifai, an sayar masa da hoton tuwo ne.

Magabata sun riga sun warware wannan matsala. A tsarin makaɗan Hausa akwai muƙamin Daudun kiɗa, wato mataimakin da ke riƙe ƙungiya idan jagora ba ya nan. Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun ya riƙe wannan muƙami a ƙarƙashin yayansa Abdu Kurna kafin ya ja tasa ƙungiyar, kuma da ya rasu a 1991 'ya'yansa suka ci gaba da kiɗan gidan. Sirrin a bayyane yake: yaro yana fara da ɗaukar kaya, ya koma amshi, ya koyi kiɗa, har ya iya tsayawa a gurbin kowa. Ƙungiyar da aka gina haka ba ta rushewa don mutum guda ya yi fashi.

Yankin Gumel ya fi ko'ina bukatar wannan tsari, domin rayuwarsa a bakin iyaka take. Kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis tana haɗa mutanen Najeriya da na Nijar, kuma aure da sana'a sun daɗe suna tsallake wannan layi. An rufe iyakokin Najeriya na ƙasa a Agustan 2019, ba a fara buɗewa ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa har Maris na 2024. Duk ƙungiyar da makaɗinta ɗaya tilo ke zaune a tsallake, hukuncin da aka yanke a Abuja ya isa ya ɗaure mata hannu.

Masu kare na'ura za su ce abin da ake samu a biki bai isa a ciyar da mataimaka ba. Akwai gaskiya a ciki, amma laifin na gida biyu ne. Na farko na jagororin da ke ɓoye ilimi don tsoron kada yaro ya fi su, suna kwashe liƙi su raba yadda suka ga dama, wanda ya yi ciwo kuwa ko sisi ba ya gani. Mutumin da ya san ranar jinyarsa ranar yunwar iyalinsa ce, wace amana zai riƙe wa ƙungiya? Na biyu na masu biki ne, musamman ma'aikata masu ilimi, waɗanda ke biyan mai abinci da mai rumfa cikakken kuɗi, su bar makaɗi ga sa'ar liƙi, alhali sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira a wurin biki.

Gyaran ba ya bukatar tallafin gwamnati. Kowane makaɗi ya horar da wanda zai tsaya masa. A ware kaso daga kowane biki a zuba a asusu, a riƙa ba wanda uzuri ya hana shi zuwa rabonsa. Ƙungiyoyin ƙananan hukumomin nan huɗu su ƙulla yarjejeniyar aron makaɗi a kan ladan da kowa ya sani. Mai biki kuma ya yi ciniki a rubuce, ya tambayi mutum nawa za su zo da kayan kiɗansu, ya biya abin da zai ishe su.

Ɗanmaraya Jos ya shafe rayuwarsa shi da kuntiginsa kaɗai, amma zaɓi ne ya yi, kuma hannunsa ne ke kiɗan. Jagoran da ya kori koyo ya rungumi filashi, gurbin makaɗinsa ya cike yau. Gobe mai biki zai gane cewa filashin ba ya bukatar jagoran shi ma.