Wa ke jin surutunmu na ƙwallo?

Duk ranar da Manchester United ko Arsenal ta sha kashi, kafin alƙalin wasa ya gama hura usur ɗin tashi Facebook ya riga ya cika da hukunci. A kori koci. A sayar da wane, ai ƙafarsa ta mutu. Wanda bai taɓa horar da ko ƙungiyar layinsu ba zai zauna ya tsara wa koci ’yan wasa sha ɗaya har da na benci. Ana cikin haka sai wani ya faɗo da maganar da ke kashe bakin kowa: "Malam, su fa ba su ma san da kai ba."

Maganar tana da zafi saboda akwai gaskiya a cikinta. Sai dai ta yi wa magoya baya kuɗin goro, alhali ra'ayin mai goyon baya kashi biyu ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Akwai ra'ayinsa kan abin da ƙungiyar take: wa ya mallake ta, nawa ne kuɗin shiga, wane launi take sawa, a wace gasa take buga wasa. Akwai kuma ra'ayinsa kan wa za a saka ranar Asabar da wa za a sallama ranar Litinin. A na farko sau da yawa shi ne mai gaskiya, kuma an sha durƙusa masa. A na biyu, sai a hankali.

Mu tuna daren Lahadi 18 ga Afrilun 2021. Manyan ƙungiyoyi 12 suka sanar da cewa sun kafa gasarsu mai suna Super League: shida daga Ingila, uku daga Sifaniya, uku daga Italiya. Tsarin shi ne waɗanda suka kafa gasar ba za su taɓa faɗuwa daga cikinta ba, ko sun yi wasa mai kyau ko sun yi shirme, kuma bankin JP Morgan na Amurka ne zai zuba kuɗin. A lokacin ma filaye babu ’yan kallo saboda korona, wataƙila shi ya sa attajiran suka ɗauka ba za a ji motsin kowa ba. Ranar Talata magoya bayan Chelsea suka cika titin Stamford Bridge suka tare motar ’yan wasa, har sai da Petr Cech, tsohon golansu wanda yake cikin shugabannin ƙungiyar a lokacin, ya fito yana ba su baki. Kafin gari ya waye duk ƙungiyoyin Ingila shida sun janye. Mai Liverpool, John Henry, ya yi bidiyo yana neman afuwa. Abin da aka daɗe ana ƙullawa a ɓoye bai yi kwana uku a fili ba.

Gaskiya ne hukumar UEFA ta yi barazana, ’yan wasa sun nuna ƙin amincewa, gwamnatin Boris Johnson ma ta shigo. Amma ɗan siyasa ba ya tashi tsaye kan ƙwallo don yana son ƙwallo, ya hango ƙuri'a ne. Daga wannan rikici aka yi bitar yadda ake tafiyar da ƙwallo a Ingila, wadda ta kai ga dokar 2025 da ta kafa hukuma mai zaman kanta da za ta sa ido kan masu ƙungiyoyi.

Kafin nan ma an yi irinta. A Fabrairun 2016 Liverpool ta ce tikiti mafi tsada zai kai fam 77. Magoya baya ba su fasa kujera ko ɗaya ba. Suka jira minti na 77 a wasansu da Sunderland, kimanin mutum dubu goma suka miƙe suka fice. Liverpool na cin 2-0 a lokacin, aka tashi 2-2. Cikin ’yan kwanaki masu ƙungiyar suka ba da haƙuri suka janye ƙarin. Haka Cardiff City: attajirin da ya saye ta ya mayar da rigarta ja a 2012 alhali shuɗiya aka san ta da ita, magoya baya suka nace, a 2015 aka koma shuɗi. Su kuma ’yan United tun 2005 suke kuka cewa iyalan Glazer sun sayi ƙungiyar da bashi sun ɗora mata bashin a ka, har wasu suka ɓalle suka kafa FC United of Manchester. An yi musu dariya, saboda kofuna na shigowa a lokacin. Tun 2013 United ba ta sake cin Firimiya ba, rufin Old Trafford ya zama abin ba'a saboda yoyo, a kakar 2024/25 kuma ta ƙare a mataki na 15. Mutumin da ya yi shekara talatin yana zama a kujera ɗaya yana ganin abin da mai lissafin riba ba ya gani, domin shi zai ci gaba da zama bayan mai kuɗin ya sayar ya kama gabansa.

To amma mu juya ɗaya ɓangaren, inda mu ’yan soshiyal midiya muka fi ƙwarewa. A ƙarshen 1989 wasu magoya bayan United sun ɗaga ƙyalle a Old Trafford suna neman Alex Ferguson ya tattara ya tafi, saboda ya shekara uku babu kofi. Da an biye musu, da babu kofin lig 13 da ya ciyo musu daga baya. A Agustan 2021 Arsenal ta sha kashi a wasa uku na farko, hannun Brentford da Chelsea da kuma Manchester City da ta zura mata biyar, ta koma ƙasan teburi. Ku da kuke da tsofaffin rubuce-rubucenku na wannan watan, ku leƙa ku ga abin da aka ce kan Mikel Arteta. Shi ne dai ya dawo da ƙungiyar gasar Zakarun Turai, ya kai ta matsayi na biyu a 2023 da 2024 da 2025. Ba a kora kaɗai ake kuskure ba, har a riƙewa. Bayan United ta doke City a wasan ƙarshe na Kofin FA a Mayun 2024, magoya baya da yawa suka ce lallai a bar Erik ten Hag. Aka bar shi, aka ƙara masa kwantiragi, aka sayo masa ’yan wasa, a Oktoba aka kore shi aka biya shi kuɗin sallama.

Dalilin ba wai mai goyon baya ba shi da kai ba ne. Minti 90 yake gani a mako. Ba ya filin atisaye, bai san wanda ke buga wasa da allurar kashe zafi ba, bai san abin da ke rubuce a kwantiragi ba. Kuma so yana hana ganin laifi, kamar yadda fushi ke hana ganin alheri, shi kuwa cikin biyun nan yake kwana yake tashi. Ga kuma abin da manhajojin suke yi mana. Rubutun da ya ce "a ƙara wa koci lokaci, ana gina ƙungiya ne" mutum bakwai za su so shi. Wanda ya zagi koci har da kakanninsa shi zai zaga gari. Tashar AFTV ta yi suna ne a shekarun ƙarshe na Arsene Wenger, lokacin da bidiyon mutum yana kumfar baki a bakin Emirates ya fi na mai magana a natse kasuwa. Idan ka ga kamar duk duniya na son a kori koci, wani lokacin masu ihu ne kawai aka turo maka.

Yanzu sai mu zo kanmu, mu da ke Kano da Kaduna da Jos da Maraɗi. Ɗan Liverpool da ya fice a minti na 77 yana da abin da ya riƙe: kujerar da zai bari fayau a gaban kyamara, da kuɗin tikitin da zai hana. Mu me muka riƙe? Kuɗin da kake bayarwa a gidan kallo na mai gidan ne da man janareta. Rigar da ka saya a kasuwa, mu faɗa wa juna gaskiya, galibi ko sisinta bai je Landan ba. Ƙungiyar ta san da mu, amma a matsayin adadi: yawan mabiya a shafinta, da yawan masu kallo da ke sa kamfanonin talabijin biyan maƙudan kuɗi. A ganina ma da mu aka yi lissafin Super League, wato masu kallo daga nesa da za su so Real Madrid da Liverpool kowane mako, ba ruwansu da ko ƙaramar ƙungiya ta mutu. Wannan bai sa son da kake wa Barcelona ya zama na bogi ba. Wanda ya hana idonsa barci, ya sha tsokanar abokai mako guda, ya biya da wani abu. Musun ma kansa nishaɗi ne, shi ke haɗa ɗan achaba da ɗan jami'a a benci ɗaya. Kawai dai kada ka ɗauka hukuncinka na isa ofishin kowa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne inda bakinmu zai iya yin nauyi nan ne muka fi sakaci. A Barcelona mambobi ne ke zaɓen shugaban ƙungiya, su suka dawo da Joan Laporta a Maris ɗin 2021. A Jamus akwai ƙa'idar 50+1 da ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobi a yawancin ƙungiyoyi. Mu a nan ba mu da katin mamba irin wannan, amma Kano Pillars ta gwamnatin jiha ce. Haka Katsina United da Wikki Tourists da El-Kanemi Warriors da Niger Tornadoes. Da kuɗin jama'a ake tafiyar da su, gwamnati ke naɗa shugabanninsu, gwamnatin kuma ƙuri'arka ta ɗora ta. Ɗan Fagge da ke cewa "Sai Masu Gida" yana da haƙƙin tambaya a kan Pillars fiye da yadda ɗan Manchester yake da shi a kan kamfanin iyalan Glazer.

Ƙungiyar da ta ci lig sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗi zuwa rukuni na biyu a 2022. A cikin wannan kakar ce, a watan Afrilu, aka farfasa motar Katsina United a filin Sani Abacha, aka ci Pillars tara, aka zaftare mata maki uku, aka mayar da wasanninta na gida Abuja. Waɗanda suka yi jifan za su ce kishi ne. Amma dutsen bai taɓa shugaba ko ɗaya ba. Ƙungiyar ya sama, da dubban masu shiga filin lafiya su fita lafiya, da masu sayar da ruwa da rake a Ƙofar Mata.

Ka kwatanta da tambayoyin da ba kasafai ake jin su ba a shirye-shiryen wasanni na rediyo, inda layi ke cika da masu kira kan alƙalin wasa. Nawa aka ware wa ƙungiya a kasafin bana, nawa aka saki? Ana biyan ’yan wasa albashi da alawus a kan lokaci? Idan aka sayar da matashi zuwa waje, ina kuɗin ke shiga? Da wane ma'auni ake naɗa shugabanni, ƙwarewa ko biyayya ga jam'iyya? Kuɗin ƙofa fa, wa ke ƙirga shi? Waɗannan su ne irin tambayoyin da ’yan Liverpool da Chelsea suka ci nasara a kansu, kuma babu wadda take buƙatar takardar shaidar koci kafin a yi ta. Kasafin kuɗin jiha a gaban majalisar dokoki ake kare shi duk shekara, kwamishinan wasanni yana da ofis, ɗan majalisar mazaɓarku yana da shafi a Facebook ɗin nan da kuke zagin Arteta a ciki, kuma shi yana jin Hausa.